Motar tafi-da-gidanka a ƙofar lambun furannin Holan

  

Yau za mu yi nisa, har ƙasar Holan ta Turai. Kada sunan ya yi maka baƙunta mai sauraro, ka daɗe kana hulɗa da ita. Atamfar nan 'yar Holan da ake sawa a lefe, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, kuma tun 1846 kamfanin yake. Madarar Peak ta teburin mai shayi, asalinta can ne. Albasar da jiragen ruwa ke saukewa a Dakar da Abijan, wadda ke gogayya da 'yar Galmi a kasuwannin bakin teku, da yawanta daga gonakinsu take fitowa. To, akwai wata albasar kuma da suke nomawa wadda ba a miya da ita. Fure take fitarwa, ana kiransa tulif, kuma saboda shi mutum fiye da miliyan guda ke tururuwa zuwa wani lambu kowace shekara. Wasu a jirgi suke zuwa, wasu a bas, wasu kuwa da gidansu ɗungurungum a kan taya huɗu. Waɗannan na ƙarshe su za mu bi yau.

Mu fara da motar. Mun saba cewa wayar tafi-da-gidanka, kotun tafi-da-gidanka, amma in akwai abin da sunan ya zauna masa daram, to wannan mota ce. Faransawa na ce mata kamfin-kar. Dattawan Arlit da Agadas sun san irinta, domin a shekarun 1970 da 1980 Turawa masu yawon buɗe ido kan ratso Sahara da ita daga Tamanraset ta Asamaka. Tsawonta yakan kai mita 6 zuwa 7, tsayinta kusan mita 3. In ka buɗe ƙofar gefe za ka tarar da gado, da teburin cin abinci, da murhun gas, da ƙaramin firji, da wani ɗan lungu da aka haɗa makewayi da wurin wanka. Akwai tankin ruwa mai tsabta da ke cin kamar lita 100, jarka huɗu ke nan irin ta lita 25. Akwai tanki na biyu a ƙarƙashi inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke taruwa. Makewayin kuma yana da nasa akwati mai murfi da ake zarowa ta waje duk kwana biyu ko uku, a kai inda aka tanada a zubar. Wuta daga batir take zuwa, wasu na ɗora faifan sola a rufi, in an sauka a masauki kuma a jona da waya.

Doka ta yi wa motar iyaka a kan nauyi. Lasin ƙaramar mota da aka saba da shi a Turai yana ba mutum damar tuƙa abin da bai wuce kilo 3,500 ba, da motar, da mutanen, da ruwan, da duk tarkacen da ke ciki. In 'yan sanda suka ɗora ka a sikeli suka ga lodi ya wuce kima, tara ce. Shi ya sa mai irin wannan mota yake auna kayansa kamar yadda uwargida ke yi a ruga ranar tashi: me takarkari zai ɗauka, me jaki zai ɗauka, me za a bari. Lita 100 kuwa, in miji da mata ne, kwana uku ko huɗu sai a fara neman famfo. Ka ga ke nan gidan da ke tafiya kullum yana da bukata wajen wanda ke zaune, ko mai ruwa, ko mai fili, ko mai wurin zubar da shara. Ka riƙe wannan mai sauraro, za mu dawo kansa.

To, ka ɗauka kai ne a kan sitiyari. Ka tashi daga Paris da sassafe cikin watan Afrilu, ka nufi arewa. Tafiyar kimanin kilomita 500 ce. Za ka wuce Lille ka shiga Beljiyam, ka bi ta Ghent da Antwerp, ka faɗa Holan ta wajen Breda, ka wuce Rotterdam da Leiden, sai ga ka a ɗan garin Lisse inda lambun yake. Iyaka biyu ke nan ka tsallake. Ba gangunan tare hanya, ba igiya, ba wanda ya ce sauko da kaya. Wani allo ne kawai shuɗi mai taurari da sunan ƙasa a tsakiya. Wannan ya samo asali ne daga yarjejeniyar Schengen da aka sa wa hannu a 1985, ta fara aiki a 1995, yau kuma ƙasashe 29 ke cikinta, ko da yake a 'yan shekarun nan Jamus da ita kanta Holan sun dawo da binciken wucin gadi a wasu mashigai.

Na san wani alhaji yanzu yana cewa kai, waɗannan sun huta. Tsaya tukuna alhaji. Shingen yana nan, ido ne ba ya ganinsa. A Faransa za ka biya kuɗin hanya, kuma na motarka ya fi na ƙaramar mota. Biranen Antwerp da Ghent da Brussels sun hana tsofaffin motocin dizal masu hayaƙi shiga tsakiyarsu, kuma motar da ta fito daga wasu ƙasashen waje sai an yi mata rajista ta intanet. Ka ƙi, kyamara ta ɗauki lambarka, takardar tara ta iske ka har gida. A Holan kuma, da rana, yawancin manyan hanyoyi ba a wuce kilomita 100 a awa.

Wanda ya fito daga Ingila ta jirgin ruwa nasa ya fi yawa. Tun watan Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ba a shigo da nama ko madara daga can, ko da guzurinka ne a cikin firji. A wancan watan an nuna jami'an kwastan na Holan a talabijin suna karɓe burodi mai nama daga hannun direbobi a tashar jiragen ruwa. Makiyayi ya fi kowa gane dalili, tsoron cututtukan dabbobi ne irin su ciwon baki da kofato. Kai, ko kare aka ɗauko a motar, shi ma da takardunsa da shaidar allurar haukan kare.

Tun da mun ambaci dabbobi, malam makiyayi, leƙa ta taga. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ma yana ƙasa da matakin teku, da ganuwa da injinan tsotse ruwa ake riƙe da ita. Ga shanu nan masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, ba ƙaho ba tozo, saniya guda na ba da fiye da lita 8,000 na madara a shekara. Ba mai sanda a bayansu. Magudanan ruwa ne suka raba wannan makiyaya da waccan, su ne shinge.

Yanzu ga maganar da ta fi damun matafiyi, ina za a kwana? Duk da gadonka na bayanka, dokar Holan ba ta yarda ka tsaya a gefen titi ko bakin teku ka kwana yadda ka ga dama ba. Shi kansa lambun yana da filin ajiye irin waɗannan motoci, a biya a ajiye, amma na rana ne kawai, in an tashi kowa ya kama gabansa. Don haka mai hankali tun watanni kafin zuwa yake kama zango, saboda a watan Afrilu ko'ina cike yake. Akwai manyan masaukai a wajen Noordwijk, bakin teku. Akwai kuma ƙanana da manoma ke buɗewa a bayan gidajensu: ɗan fili mai ciyawa, famfo, wurin jona wuta, da ramin zubar da ƙazanta. Baƙo ya biya kuɗin kwana, da safe ya sayi ƙwai da madara da cuku a hannun uwargidan manomin.

A Faransa ma akwai wani tsari da ake kira France Passion, inda manoma ke barin mai mota ya kwana dare ɗaya a gonarsu kyauta. Sharaɗinsa shi ne ka yi sallama in ka iso, ka yi ban kwana in za ka tashi, ka tafi da shararka. Ba a tilasta maka sayen komai, amma wa zai kwana a gonar mutum ya ga zuma da cuku a kan tebur ya wuce haka nan? Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro da zango da fatoma suka yi ta, kuma har yau akwai unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da Accra.

To, gari ya waye. Yawanci a nan zangon ake barin motar, a kwance kekunan da ke ɗaure a bayanta, a bi hanyar keke har ƙofar lambu. Tikiti tun ta intanet ake sayensa, da rana da lokacin shiga rubuce a jiki, don kada jama'a su taru a lokaci guda. Ƙarfe 8 na safe ake buɗewa, kuma mai sammako shi ke ganin wurin kafin manyan bas-bas su iso daga Amsterdam.

Sunan lambun Keukenhof, ana furta shi kusan kamar Kokenhof, ma'anarsa lambun madafa. A ƙarni na 15 daga nan ake tsinko ganyayen miya da kayan lambu ana kai wa madafar fadar wata sarauniyar yankin mai suna Jacoba van Beieren. A 1857 wasu gwanayen tsara lambu, uba da ɗansa masu suna Zocher, suka zana shi da tafkuna da hanyoyi masu lanƙwasa. Faɗinsa hekta 32, wato ya fi filin ƙwallo 40. In ka ce sai ka taka duk hanyoyin da ke ciki, kilomita 15 ke gabanka.

Abin da ido zai gani kuwa, gani ya kori ji. Tulif kaɗai akwai kusan iri 800. Akwai ja kamar garwashi, akwai ruwan ɗorawa, akwai fari fat, akwai mai ruwan goro, akwai wani da ya yi duhu har ya kusa zama baƙi. Wani bakinsa a tsattsage kamar an yanka da almakashi, wani kuma mai ratsi-ratsi. An jera su layi-layi a ƙarƙashin manyan itatuwa, wani wurin an shuka wasu ƙananan furanni shuɗɗa a tsakanin itatuwan sun malala kamar kogi. Akwai wani fure mai suna hayasin da ƙamshinsa ke tarar ka tun daga nesa. Akwai rumfunan gilashi da ake baje furannin da ba sa son sanyi. A gefe guda kuma ga wata tsohuwar injin tsotse ruwa mai aiki da iska, ta 1892. In ka hau bisanta za ka hango gonakin manoma sun miƙe har inda ido ya tsaya, wannan kunya ja, waccan ruwan hoda, ta gaba ruwan ƙwai, kamar an shanya turamen atamfa.

Duk wannan, mako takwas kacal yake yi, daga wajen 20 ga Maris zuwa tsakiyar Mayu. Sauran watanni goma aiki ake yi ƙofa a rufe. Daga Oktoba zuwa Disamba ma'aikata kusan 40 ke durƙusawa suna dasa albasar fure miliyan 7, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Yi lissafi mai sauraro, kowane mutum guda 175,000 ke nan. Kuma hawa-hawa suke binne su: mai jinkirin fitowa a can ƙasa, matsakaici a tsakiya, mai saurin fitowa a sama, ta yadda in wannan ya yi yaushi wancan ya taso, kada baƙon farkon lokaci ko na ƙarshensa ya tarar da fili wayam. Manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona guda ya san wannan dabara. In an rufe ƙofa a watan Mayu sai a tone su gaba ɗaya, a sake zane, a sake shuka ciyawa, a fara daga farko.

Yanzu na san tambayar da ke bakinka. Wane ne zai zuba wannan dukiya a kan abin da ba a ci, ba a ba dabba? Amsar za ta yi wa 'yan kasuwa daɗi. Lambun nan baje koli ne. A 1949 magajin garin Lisse da wasu manoma da masu fitar da albasar fure waje suka zauna suka ce, kayanmu a cikin buhu duk kamarsu ɗaya, ƙwallo ne mai ruwan ƙasa, ta yaya mai saye daga Amurka ko Jamus zai san abin da ke ciki? Sai suka yanke shawarar shuka samfuri a wuri guda. Aka buɗe a 1950, a shekarar farko mutum 236,000 suka zo. Har yau kamfanoni da manoma kusan 100 ne ke ba da albasar kyauta, kowa da ɓangarensa da allon sunansa a kafe. Wanda ya ga irin da ya yi masa sai ya rubuta suna ya yi oda, a aika masa lokacin dasawa. Baƙo ya biya kuɗin shiga, ya ɗauki hoto ya watsa wa duniya, ya yi wa manomi talla ba tare da an biya shi ko sisi ba. A 2019 mutum miliyan ɗaya da rabi suka shiga, mafi yawansu daga ƙasashen waje. A 2020 kuwa, an riga an dasa, fure ya buɗe, sai annobar korona ta hana buɗe ƙofa. Duk wanda ya taɓa lodin tumatir ya iso ya tarar an rufe iyaka, ya san irin wannan zafi.

Abin mamaki, shi kansa tulif ɗin baƙo ne a Holan. Asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya. Sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka raine shi a lambunan Istanbul, har ma sunan da Turawa ke kiransa daga kalmar rawani ya fito a harshen Turkawa, saboda furen ya yi kama da naɗi. Wani masanin tsirrai mai suna Carolus Clusius ya dasa shi a lambun jami'ar Leiden a 1593. Ƙasar yankin mai rairayi ce, ga sanyin hunturu da albasar ke bukata kafin ta yi fure, sai ya karɓi wurin. Wannan sanyin ne ya sa ko ka kawo shi Maraɗi ko Katsina ba zai yi maka abin kirki ba.

Kafin a cika shekara 50 da zuwansa, ya haukata kasuwa. A lokacin sanyin 1636 zuwa 1637 farashinsa ya yi ta hawa, har aka riƙa yi wa ƙwallo guda na wani iri mai ratsi, Semper Augustus, kuɗin da ya kai na gida mai kyau a Amsterdam. Kuma albasar tana cikin ƙasa ba a tono ta ba. Takarda kawai ake sayarwa, wannan ya saya ya sayar wa wancan da riba, wancan ya sayar wa na gaba. Su da kansu suka sa wa abin suna cinikin iska. Mu kuwa cinikin biri a sama muke cewa. A watan Fabrairun 1637 aka fito da kaya a garin Haarlem aka rasa mai tayawa, cikin 'yan kwanaki farashi ya rushe, masu takardu suka koma rigima a kan wa zai biya wa. Sai bayan kusan shekara 300 masana suka gano cewa ratsin nan da ake kashe kuɗi a kansa wata cuta ce da ƙananan ƙwari ke yaɗawa. Alhaji, in an zo maka da harkar da ba ka ga kaya ba sai alkawarin riba, ka tuna da Haarlem.

Albasar ta ga wata ranar kuma. A sanyin 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta kashe kusan mutum 20,000 a yammacin Holan, har mutane suka koma dafa albasar tulif suna ci don su rayu. Ƙasar da ake zuwa kallon furanninta yau, ita ma ta san yunwa.

Mu fito daga lambun mu hau keke mu zaga gonakin da muka hango, domin a nan ne labarin ya fi kusa da mu. Shi manomin gonar ba furen yake so ba. Da zarar ya buɗe ya tabbatar irin nasa ne kuma ba cuta, sai ya shigo da inji ya fille kawunan furannin duka, don ƙarfin shukar ya koma cikin albasar da zai tona a watan Yuni ko Yuli. Shi kuwa baƙo furen ya kawo shi. Sai ka ga an tsayar da mota a bakin gona, an tsallake magudana, an shiga tsakiyar kunya ana ɗaukar hoto, har da masu kwanciya. A tattake ganye, albasa ta ƙi girma, takalma kuma su kwaso cuta daga wata gona zuwa wata. Manoman yankin sun yi ta kuka da wannan ɓarna. Ka ji fa, ɓarna a gona, ba saniya ko ɗaya.

Me suka yi? Sun kafa alluna da harsuna daban-daban, sun ja igiya, sun sa mutanen gari suna tsayawa a bakin gonaki suna yi wa baƙi bayani. Wasu manoman kuma suka ware wani yanki musamman, suka fitar da hanyoyi a ciki, suka ce mai son shiga ya biya ya shiga nan, ya ɗauki hotonsa, ya sha shayi, ya tsinki fure ya tafi da shi. Ba su kori baƙo ba, domin sun san kuɗin da yake kawowa garin. Shi ma baƙon ya gane inda ƙafarsa za ta tsaya.

Mai motar da ke da sauran kwana yakan ƙarasa Aalsmeer, kusa da filin jirgin saman Schiphol, ya ga babbar kasuwar gwanjon furanni. Can gwanjonsu a juye yake, farashi daga sama yake farawa yana saukowa, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. Cikin kayan da ke shiga kasuwar har da furannin wardi daga Kenya da Habasha. In kuma ya sayi albasar fure zai kai Amurka ko Kanada, sai da takardar shaidar lafiyar shuka, in ba haka ba a ƙwace a filin jirgi.

Kada mu yi wa Turai kwalliyar da ba tata ba. Ba kowane mai gida a kan taya ake yi wa lale marhabin ba. Ɗan fansho mai katin banki, ko'ina ƙofa a buɗe take. Amma akwai al'ummomin da yawo ne rayuwarsu tun kaka da kakanni, a cikin motoci da tireloli suke zaune, kuma su sun sha kora da zargi. A Faransa sai da aka yi doka a 2000 da ta wajabta wa duk garin da ya haura mutum 5,000 ya tanadar musu masauki, kuma har yanzu akwai garuruwan da ke jan ƙafa. Makiyayi ba ya bukatar a fassara masa wannan.

To, mu dawo kan abin da na ce ka riƙe. Lambu ba ya motsi, mota ba ta zama, amma tsawon mako takwas kowannensu na cin moriyar ɗan'uwansa. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne an san ranar buɗewa da ranar rufewa, an san ta inda ake shiga, an san inda ake kwana da inda ake ɗiban ruwa, kuma duk wanda ya wuce iyaka, baƙo ne ko ɗan gari, hukunci ɗaya ne. Mu ma muna da irin namu tun kafin a ƙera mota. Manomi kan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa da rani, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi dame ko biyu na gero. Akwai burtali, akwai mashaya. A Nijar hukuma kan sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi, kuma dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Ƙungiyar ECOWAS ma tun 1998 ta fito da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi. Rigima takan taso ne inda aka nome burtali, ko aka killace mashaya, ko aka shigo da garke kafin a kwashe amfani.

Ga 'yan kasuwa kuma, dubi kasuwannin kan iyakarmu, irin su Jibiya da Illela da Maigatari da Ƙonni. Direban da ya iso da dare, ina zai ajiye mota hankali kwance? Ina zai yi wanka? Mai fili a bakin hanya da zai kewaye shi, ya ja famfo, ya gina makewayi mai tsabta, ya sa mai gadi, ai ya samu sana'a. Masu albasa da masu tattasai da masu kiwon ragunan Balami da Uda, me zai hana su haɗa kai kamar manoman Lisse, su ware lokaci da wuri a shekara da mai saye daga nesa zai zo ya ga mafi kyawun abin da suke da shi, da sunan kowa a jikin kayansa?

Muna jiran ra'ayoyinku a kan wannan. A yankinku, an sanar da ranar sakin gonaki bara, kuma an mutunta ta? A kasuwar da kuke ci, akwai zangon kirki? Ku aiko mana ta hanyoyin da kuka saba, za mu karanta a shiri na gaba. Na kan hanya Allah ya sauke ku lafiya, na daji Allah ya tsare ku da dukiyarku.